Kamfani ya bar ƙasa, sunansa bai bar ƙirjin 'yan wasa ba: muhawara kan tallan Stake

Baban Yara:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya ɗaure min kai, ina so masu sani su warware min. A watan Fabrairun 2025 hukumar kula da caca ta Birtaniya ta sanar cewa Stake, kamfanin caca na intanet, zai rufe shafinsa na ƙasar, aka ba shi zuwa 11 ga Maris. To amma har aka shiga kakar 2025/26 sunan yana nan ɓaro-ɓaro a ƙirjin 'yan wasan Everton. Kamfanin da ba shi da izinin karɓar ko fam ɗaya daga hannun mutumin Liverpool, ta yaya yake da izinin manna sunansa a rigar kulob ɗin garin? Wa ake tallata wa ke nan?

Mazaunin Ingila:
Wa alaikumus salam Baba. Ku ake tallata wa, wato duk mai kallon Firimiya a wajen Birtaniya. Amma bari in faro daga tushe. Shafin Stake na Birtaniya ba da lasisin kansa ya yi aiki ba. Akwai wani kamfani mai suna TGP Europe da ke Tsibirin Man, shi ke riƙe da lasisin a lokacin, sai kamfanonin waje su zo su raɓu da shi, ya buɗe musu shafi da sunansu a ƙarƙashin takardarsa. Hayar lasisi ce kawai. Galibin masu yin haka ba cinikin Birtaniya ne ya dame su ba, so suke a ce suna da rajista a ƙasar don su samu damar hawa rigar kulob, duniya ta gani.

Abin da ya jawo wa Stake bincike wani bidiyo ne da ya yaɗu a kafafen sada zumunta, ɗauke da tambarinsa, inda wata mai fitowa a finafinan batsa ta tsaya a gaban jami'ar Nottingham Trent. Hukuma na fara bincike sai TGP ta ce za ta rufe shafin. A watan Mayun 2025 ita ma TGP ɗin ta miƙa lasisinta ta fice, bayan an ce ta biya tarar fam miliyan 3.3 saboda rashin bincikar waɗanda take hulɗa da su da kuma sakaci a dokar hana halatta kuɗin haram.

Baban Yara:
Na gane wannan, Allah ya saka. Amma rigar fa?

Mazaunin Ingila:
Nan ne ramin yake. Dokar ba ta ce kulob ba zai ɗauki tallan kamfanin da ba shi da lasisi ba. Abin da ta haramta shi ne tallata kamfanin da ke karɓar caca daga mazauna Birtaniya ba tare da lasisi ba. Muddin shafin a toshe yake ga wanda ke cikin ƙasar, kulob ya tsira. Hukumar ta rubuta wa Everton da Nottingham Forest da Leicester City, masu ɗauke da tallan irin waɗannan kamfanoni, wasiƙa, ta ce su tabbatar toshiyar tana aiki da gaske, in ba haka ba jami'ansu na iya fuskantar tara ko ɗauri. Iyakar abin da ta yi ke nan, wasiƙa.

Masoyin Ƙwallo:
Yaya, ni fa ban ga abin tada jijiyar wuya ba. Kulob kamar Everton ba shi da kuɗin Manchester City, in wani ya zo da tayi mai tsoka dole ya karɓa. A kakar 2024/25 kulob 11 cikin 20 na Firimiya ne ke ɗauke da kamfanin caca a ƙirji, ba Everton kaɗai ba. Kuma ni tun ina ƙarami nake ganin waɗannan sunaye a riguna, ban taɓa sa ko sisi ba. Wanda zai yi caca zai yi, ko da talla ko babu.

Maman 'Yan Biyu:
Ƙanena, in talla ba ya aiki, me zai sa su zuba miliyoyi a kai? Waɗannan mutanen ba sadaka suke yi wa ƙwallo ba. Kai Allah ya tsare ka, amma ba kai ake nema ba. Cikin mutum ɗari da suka gani, 'yan kaɗan ɗin da za su shiga su kasa fita su ne ribar.

Ustaz:
Ni abin da ban gane ba shi ne wannan dogon zance na lasisi da hukuma. Caca haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya ta ce a nisance su. Mai lasisi da marar lasisi duk hukuncinsu ɗaya. Tsara ta da doka ai wanke ta ne a idon mutane.

Barista:
Allah ya gafarta Malam, a hukuncin addini babu jayayya. Amma duniyar da muke magana a kai ta haɗa da ƙasashen da ba da wannan hukuncin suke mulki ba, kuma tallansu yana shigowa wayar kowa ba tare da sallama ba. Don haka abin da majalisar Landan ko ta Rum ta yanke yana shafar yaron da bai taɓa taka can ba. Shi ya sa ya kamata mu san yadda abin yake tafiya.

Kuma hani ɗungurungum ma bai kashe maganar ba. Ku duba Ostireliya. Tun 2001 dokarsu ta haramta gidan caca na intanet, irin mai injin juyawa (wanda ake dannawa a ci in alamu sun jeru) da faifan rulet. Amma mutanen da suka kafa Stake a 2017, Ed Craven da Bijan Tehrani, daga Melbourne suke harkarsu. Ba sa sayar wa maƙwabtansu, sun ɗauko lasisi daga tsibirin Kurasawo suna sayar wa sauran duniya. Dokar ƙasa iyakarta bakin iyaka, shi kuwa shafin intanet bai san iyaka ba.

Ustaz:
To ai ka ƙara ƙarfafa maganata, Barista. Mutum ya tsare gidansa ya kai wutar gidan wasu.

Barista:
Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Inda muka rabu shi ne maganin.

Masoyin Ƙwallo:
Amma lasisin Kurasawo ai lasisi ne. A ƙasan shafukan nan za ka ga hatimi da lamba.

Mazaunin Ingila:
Lasisi suna ya tara. Shekaru da dama tsarin Kurasawo shi ne gwamnati ta ba kamfanoni 4 babban lasisi, su kuma su yi ta yanka ƙananan lasisi suna sayar wa duk wanda ya biya. Hukuma ba ta ma san da yawa daga cikin masu shafukan ido da ido ba. Sai a Disambar 2024 sabuwar dokarsu ta fara aiki, wadda ta mayar da bayar da lasisi hannun hukuma kai tsaye, bayan matsin lamba daga Holan, wadda tsibirin ke cikin masarautarta. Tambayar da ya kamata ka yi idan ka ga hatimi ita ce: in sun hana ni kuɗina, wa zan kai wa ƙara, kuma a wace kotu? In amsar tana wani tsibiri da ba ka da hanyar zuwa, hatimin ado ne.

Malamin Lissafi:
Ku ba ni dama in shigo da lamba, domin talla yana cin nasara ne a inda mutane ba su yi lissafi ba.

Faifan rulet na Turai yana da gida 37, daga 0 zuwa 36. In ka zaɓi lamba ɗaya ta fito, ninki 35 ake biyan ka, ba 36 ba. Wannan ɗan gibin shi ne kashi 2.7 cikin ɗari na duk kuɗin da aka ɗora, kuma na gidan caca ne har abada. Na Amurka mai sifili biyu gida 38 gare shi, gibin ya haura kashi 5. Babu dabara, babu sa'ar da za ta goge wannan in aka daɗe ana yi.

Injin juyawa kuma za ka ga an rubuta yana mayar da kashi 96 cikin ɗari. Mutane sai su ɗauka in sun sa fam 100 za su tashi da 96. Ba haka ba ne. Kashi 4 ɗin ana cire shi ne a kowane juyi, kuma abin da ka ci shi kake sake mayarwa. A Birtaniya doka ta ce juyi ɗaya ba zai gaza daƙiƙa 2.5 ba. Ko da wannan birkin, mutum na iya juyi 1,440 a awa guda. In fam 1 yake sawa, ya ɗora fam 1,440 ke nan a awa, matsakaicin abin da zai rasa kusan fam 58. To ina ga shafin da babu birkin kwata-kwata, har da maɓallin da zai yi ta juya maka kana kallo?

Maman 'Yan Biyu:
Malam, garaɓasar nan da suke cewa fa? Ka sa ɗari mu ƙara maka ɗari. Ita ce na fi gani a tallan.

Malamin Lissafi:
Hajiya, ita ce ƙugiyar. A ƙananan rubutun da ba wanda ke karantawa akwai sharaɗi: ba za ka cire kuɗin ba sai ka juya garaɓasar sau kaza. Mu ce sau 35, wanda ba baƙon abu ba ne a harkar. Garaɓasar fam 100 na nufin sai ka ɗora fam 3,500. A injin da ke cin kashi 4, matsakaicin asararka kafin ka kai can fam 140 ne. An ba ka 100, an tsara ka rasa 140. Kyautar ta ƙare, ta kuma ci wani abu daga uwar kuɗinka. Shi ya sa a 2025 hukumar Birtaniya ta yanke cewa sharaɗin ba zai wuce ninki 10 ba. A ninki 10 za ka ɗora 1,000, matsakaicin asara 40. Kun ga bambancin da layi ɗaya na doka yake kawowa.

Masoyin Ƙwallo:
Amma Malam akwai masu ci fa. Ina ganin su a Kick, dandalin nan na watsa bidiyo kai tsaye, mutum ya ci dala dubu ɗaruruwa a juyi ɗaya. Ba a yanka bidiyon ba, kai tsaye ne.

Ɗan Talla:
Ƙanena, tsaya nan, wannan fagena ne. Ka san waye ya kafa Kick? A Oktoban 2022 Twitch, babban dandalin watsa bidiyo kai tsaye, ta hana watsa wasan injin juyawa da rulet da ɗan lido daga shafukan da ba su da ingantaccen lasisi, ta ambaci sunaye 4: Stake, Rollbit, Duelbits da Roobet. Kafin shekarar ta ƙare sai ga Kick ya bayyana, kuma masu Stake ne ke bayansa. An hana su rumfa a kasuwa, suka gina tasu kasuwar. Don haka in kana kallon caca a can, ka sani a farfajiyar mai gidan cacar kake zaune.

Na biyu, mai watsawar da kake gani ana biyan sa ne don ya zauna ya yi wasan. Wanda ake biya albashi don ya yi caca ba a matsayi ɗaya yake da kai ba, ko da kuɗin da ke kan allon na gaske ne. Shi in ya rasa, wata zai ƙare a sake biyan sa. Kuma daga zaman awa takwas, daƙiƙa talatin ɗin da ya ci ake yankowa a watsa a TikTok da X. Sauran awannin babu mai yaɗa su.

Bari in gaya muku abin da na gani da idona. Wani gidan caca, ba zan faɗi suna ba, ya taɓa aiko min da tayi saboda wani shafi da nake gudanarwa. Zaɓi biyu suka ba ni. Ko dai a biya ni kuɗi tsayayye a kan duk mutumin da ya yi rajista ta hanyata ya zuba kuɗi, ko kuma a riƙa ba ni kaso daga abin da mutanen suka rasa, wata bayan wata, muddin suna wasa. Sun turo har da hoton allon da zan riƙa dubawa: layi-layi, kowane layi mutum ne da lambarsa, ga abin da ya zuba, ga abin da ya cire, ga rabona a ƙarshe. In mutum ya ci, rabona ya ragu. In ya tsiyace, na samu. Na ce musu a'a. Amma tun daga ranar, duk wanda na ga yana cewa "yi amfani da lambata ka samu garaɓasa", na san addu'ar da yake yi wa mabiyansa a zuci.

Maman 'Yan Biyu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wato kamashonsa daga hawayen mutane yake fitowa.

Ɗan Talla:
Haka yake, Hajiya. Kuma amfanin wannan tsari ga kamfani shi ne nesanta kai. In ɗan kamasho ya yi ƙarya ko ya tallata wa yara, sai a ce ba mu muka sa shi ba. Kun lura da bidiyoyin barkwanci da na dabbobi da ke yawo a X da tambarin gidan caca a manne a gefe? Babu ruwan bidiyon da caca. Sunan kawai ake so ya zauna a ido har ya zama kamar ɗan gida.

Mai Kula da Rukuni:
Jama'a, na goge wani saƙo yanzu kuma na cire mai shi. Ya shigo rukunin yau, ya liƙa mahaɗin rajista da lambar garaɓasa a tsakiyar wannan zancen. Duk wanda ya riga ya gani, kada ya taɓa. Ku ci gaba.

Barista:
Yanzu bari in faɗi abin da na san ba zai yi wa wasu daɗi ba. Duk lokacin da ƙasa ta matse masu lasisi, tana buɗe wa marasa lasisi ƙofa. Jamus ta sa iyakar yuro 1 a kowane juyi, daƙiƙa 5 tsakanin juyi da juyi, da iyakar zuba yuro 1,000 a wata, a dokarsu ta 2021. Mai son wasa da sauri sai ya kunna VPN ya tafi inda babu wannan duka, ya biya da kuɗin kirifto, babu mai tambayar shekarunsa da gaske. Can kuwa in aka cuce shi babu wanda zai kai wa kuka. Shin ba gara a bar shi a inda hukuma ke gani ba?

Mazaunin Ingila:
Barista, wannan hujjar ita ce kamfanonin ke kawowa duk lokacin da aka taso da sabuwar doka, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma ka duba wa ke nuna wa mutane hanyar kasuwar bayan fage. Yaro bai san sunan wani shafin Kurasawo daga sama ba. A rigar kulob ya gani, a motar tsere ya gani, a wurin mawaƙin da yake so ya gani. Drake ya ƙulla da Stake tun 2022, yana wallafa hoton cacar da ya yi ga mabiya sama da miliyan 100. In ana tsoron mutane su gudu zuwa marasa lasisi, abu na farko shi ne a hana marasa lasisin talla, ba a sassauta wa masu lasisi ba.

Kuma "inda hukuma ke gani" ɗin ma ba aljanna ba ce. A 2022 an ci Entain, masu Ladbrokes da Coral, tarar fam miliyan 17. A 2023 aka ci rukunin William Hill fam miliyan 19.2. Laifin iri ɗaya ne: barin mutane su zubar da maƙudan kuɗi cikin ɗan lokaci ba tare da an tsaya an tambaye su ba, da sakaci kan asalin kuɗin. Waɗannan manyan masu lasisi ne fa.

Barista:
Amma an kama su, an ci su tara, an wallafa. Wa ya taɓa kama na tsibiri?

Mazaunin Ingila:
Nan kam ka yi gaskiya.

Baban Yara:
To wace ƙasa ce ta hana tallan ta ga daidai?

Ɗan Talla:
Baba, sun gwada da yawa, kuma kowace ta ga irin tata zamewar. Italiya ta hana tallan caca da dokar 2018. Yau in ka kalli rigar Inter Milan za ka ga Betsson Sport, wanda a takarda shafin labaran wasanni ne, ba na caca ba. Suna ɗaya, launi ɗaya da kamfanin caca na Betsson, an dai ƙara kalma a wutsiya. Sifaniya ta yi dokarta a 2020, ta kore su daga riguna, ta mayar da tallan talabijin tsakanin ƙarfe 1 zuwa 5 na dare, sai kotun ƙolinsu ta soke wasu sassan dokar a 2024. Holan ta bi mataki-mataki: ta hana amfani da fitattun mutane a 2022, ta hana tallan da ke faɗa wa kowa da kowa a 2023, ta rufe ɗaukar nauyin wasanni a Yulin 2025. Beljiyam ta ɗaga shekarun caca zuwa 21.

Wanda ya fi nuna min yadda abin yake shi ne tseren motoci na Formula 1. Ƙungiyar Sauber ta ɗauki sunan Stake a 2024 da 2025. In tsere ya kai su ƙasar da ba a yarda ba, irin su Ostireliya, Sifaniya, Beljiyam da Ƙatar, sai a cire Stake a manna Kick. Mota ɗaya, masu kuɗi ɗaya, an canza sitika kawai. Doka ta hana suna, su kuma suna da suna biyu.

Masoyin Ƙwallo:
Amma ai Firimiya ta riga ta gyara. Na ji an ce za su daina.

Mazaunin Ingila:
A Afrilun 2023 kulob-kulob ɗin suka amince da kansu cewa daga ƙarshen kakar 2025/26 babu sauran kamfanin caca a gaban rigar wasa. Gaban riga kawai. Hannun riga yana nan, allunan gefen fili masu walƙiya suna nan, kuma su ne kyamara ke ɗauka minti 90. Sun yi hakan ne ana gab da fitar da takardar gwamnati kan gyaran dokar caca, wadda ta fito a watan. Ni a ganina sun ba da kaɗan ne don kada a ƙwace da yawa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na 'yan wasan. A 2023 an dakatar da Ivan Toney, ɗan wasan Brentford a lokacin, wata 8 saboda karya dokar caca, kuma likita ya tabbatar wa kwamitin cewa yana fama da jarabar caca. Duk wannan lokacin rigar Brentford da yake sawa tana ɗauke da sunan kamfanin caca Hollywoodbets. An sa mutum ya zama allon tallan abin da ke cin sa, sannan aka hukunta shi shi kaɗai.

Ustaz:
Wannan kam zalunci ne ko a wace shari'a.

Maman 'Yan Biyu:
Ni abin da ya sa na kasa yin shiru, ɗan yayata ne. Yaro mai hankali, yana jami'a. Ba ta ƙwallo ya shiga ba, ta kallon masu watsawa ne da daddare. Uwarsa ta lura ya daina cin abinci tare da su, kullum waya a kife in an shigo. Ranar da abin ya fito, kuɗin rajistar zango ne babu. Da muka karɓi wayar, abin da ya fi tsorata ni ba asarar ba ce, saƙonnin ne. Duk lokacin da ya yi kwana biyu bai shiga ba sai su aiko: mun yi kewarka, ga juyi kyauta, ya rage awa kaza ya ƙare. Har da wani da ke kiran kansa mai kula da asusunsa, yana masa magana da sunansa kamar aboki. Yaron ya yi ƙoƙarin bari, su ne ba su bar shi ba.

Malamin Lissafi:
Allah ya shirya mana, Hajiya. Ku riƙe shi da tausayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, a sashe ɗaya da jarabar ƙwaya, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ma sun mayar da ita can tun 2013. Injinan an gina su ne a kan ladar da ba a san lokacin zuwanta ba, da kuma "saura ƙiris", inda alama biyu za su jeru ta ukun ta tsaya dab da layi. A lissafi wannan faɗuwa ce kamar kowace, amma zuciya tana ɗaukar ta kamar an kusa. Faɗa kaɗai ba ya cire wannan.

Barista:
Hajiya, labarinki ya sa zan gyara matsayina ta gefe ɗaya. Har yanzu ina kan cewa toshe shafuka kaɗai ba ya aiki, ka toshe ɗaya gobe su buɗe wani da ƙarin lamba a suna. Amma akwai wurare biyu da ba sa iya guduwa: inda tallan ke fitowa da inda kuɗin ke bi. Kulob yana da adireshi. Gidan talabijin yana da lasisi. Mai tarin mabiya yana da suna da fuska. Banki da kamfanin biyan kuɗi suna ƙarƙashin babban banki. Birtaniya ta hana caca da katin bashi tun Afrilun 2020 kuma ya zauna, saboda masu lasisi da bankuna ba su da wurin ɓuya. Indiya da ta yi dokarta a Agustan 2025 ba wasan kawai ta hana ba, ta haɗa da tallansa da kuma bankin da zai wuce da kuɗin, kuma nan take Dream11, kamfanin wasan kuɗi na intanet, ya sauka daga rigar 'yan kurket ɗin ƙasar. Birazil kuma daga 1 ga Janairun 2025 ta ce duk mai lasisi sai adireshinsa ya ƙare da bet.br, don mutum ya gane da kallo ɗaya.

Ɗan Talla:
Saura kirifto, Barista. Shi ba ya bi ta banki.

Barista:
Yana bi a farko da ƙarshe, lokacin saye da lokacin canzawa. Amma na yarda nan ne igiyar ta fi sako-sako. Kuma haɗarinsa ba na doka kaɗai ba ne. A Satumbar 2023 an sace kimanin dala miliyan 41 daga Stake, hukumar FBI ta ce 'yan kutsen Lazarus na Koriya ta Arewa ne.

Masoyin Ƙwallo:
Ni dai har yanzu ina ganin babba yana da 'yancin yin abin da ya ga dama da kuɗinsa. Amma maganar kason asara da Yaya Ɗan Talla ya kawo ban taɓa sani ba, kuma akwai mutum biyu da nake bi masu raba irin wannan lambar. Zan sauke su.

Maman 'Yan Biyu:
Ɗan'uwa na Ingila, akwai abin da za mu iya sa wa yaron a waya? Shi da kansa ya ce a taimaka masa.

Mazaunin Ingila:
Akwai, Hajiya, tunda da yardarsa ne. A nan muna da GAMSTOP, mutum ya yi rajista sau ɗaya a rufe masa duk shafukan da ke da lasisin Birtaniya, amma na mazauna nan ne kuma ba ya taɓa na waje. Abin da zai yi muku aiki a ko'ina shi ne manhajar toshewa. BetBlocker kyauta ce, Gamban kuma ana biya. Ana sa su a waya da kwamfuta, a zaɓi tsawon lokaci, kuma an yi su ne yadda cirewa zai yi wuya kafin wa'adin ya cika. Ku sa a duk na'urar da yake taɓawa, ba wayarsa kaɗai ba. Ya rubuta wa shafin cewa a rufe asusunsa saboda matsalar caca kuma a daina aiko masa saƙo, ku ajiye hoton wasiƙar. Ya tambayi bankinsa ko suna da tsarin hana biyan gidajen caca, wasu bankunan suna da shi a cikin manhajarsu. In yana da asusun kirifto a rufe shi. Kuɗin makaranta kuma a riƙa biya kai tsaye, kada ya bi ta hannunsa na ɗan lokaci. Sannan ku nema masa likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara, domin bashi da kunya suna kai wasu ga tunanin hallaka kansu, kada a bar shi shi kaɗai da abin.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da daddare zan kira uwarsa mu fara da manhajar.